Isnadin Ɗakin Awo

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin hadisi, ko da na 'yan watanni ne, ya san cewa ba a karɓar magana saboda daɗin lafazinta, sai an tambayi wanda ya zo da ita daga bakin wa ya ji, shi kuma wancan daga wa ya ɗauko, haka haka har a tuƙe ga tushe. Idan kuwa aka tarar da giɓi a tsakani, ko aka iske ɗaya daga cikin maruwaitan mutum ne mai yawan mantuwa, to, darajar riwayar ta ragu ke nan, kome kyawun abin da ta ƙunsa. Wannan shi ne isnadi, kuma magabatanmu na ƙasar Hausa ba su yi wasa da shi ba, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya keɓe littafi sukutum, Asanidul Faƙir, domin jera silsilolin malaman da ilmi ya biyo ta hannunsu kafin ya iso gare shi. Abin da ya sa na buɗe da wannan shi ne, masu binciken halittu na wannan zamani, bayan sun sha wuya ƙwarai a hannun na'urorinsu, sun dawo kan wannan ƙa'ida ta malaman hadisi, ko da yake da wani suna suke kiranta, kuma a cikin kwamfuta suke rubuta ta. Ina so in warware wa mai karatu yadda al'amarin yake, in ɗauko misalaina daga Abuja, inda aka tara da yawa daga cikin ma'aikatun da abin ya shafa.

A unguwar Gaduwa akwai babban ɗakin awo na Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC, hukumar da aka kafa a 2011, aka kuma sa hannu kan dokarta a watan Nuwamba na 2018. Can ake kai jini da majina da sauran samfura daga jihohi idan annoba ta ɓulla, ko sanƙarau ne, ko mashaƙo, ko kwalara, ko zazzaɓin Lassa. A da, iyakar tambayar da ake yi wa samfuri ita ce, cutar tana ciki ko ba ta ciki. Yanzu kuwa tambayoyin sun ƙaru: wane iri ne daga cikin dangin wannan cuta, daga ina ya fito, ya sāke kama ne ko yana nan yadda aka san shi, kuma wanda aka samu a jikin mara lafiya na Bauci ɗan'uwan wanda aka samu a Edo ne ko kuwa kowa da asalinsa? Ba a amsa irin waɗannan tambayoyi da madubin ƙara girman abu. Sai an karanta rubutun da ke cikin ƙwayar cutar kanta.

Bayanin haka shi ne, kowane abu mai rai, tun daga ɗan Adam har zuwa ƙwayar cutar da ido ba ya gani, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ajiye masa a cikin jikinsa wani rubutu wanda yake ɗauke da siffofinsa, kuma shi ne abin da 'ya'ya suke gada daga iyaye. Haruffan wannan rubutu huɗu ne tak, masana suna yi musu alama da A da C da G da T, amma maimaita su da sassaɓa jerinsu shi ne ya bambanta gero da dawa, ya bambanta raƙumi da akuya. Littafin gadon ƙwayar korona haruffa ne wajen 30,000. Na ɗan Adam kuwa ya kai kimanin biliyan 3, kuma sai a watan Afrilu na 2003 aka yi shelar kammala karanta shi, bayan an shafe shekara goma sha uku ana aikin. Domin mai karatu ya san nauyin harafi guda a cikin wannan kogi, ya isa ya tuna da amosanin jini, wato sikila, cutar da babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu fama da ita: asalinta harafi ɗaya ne rak ya canza, inda ya kamata a sami A sai aka sami T, kuma daga wannan ɗigo guda ne duk ciwon ƙashi da kwanan asibiti da hawayen iyaye suka samo asali. Aikin da harafi ɗaya yake da wannan hatsari a cikinsa, lalle ba aikin da za a yi da ka ba ne.

To, na'urar da take karanta waɗannan haruffa ba ta ɗaukar littafin daga bango zuwa bango. Galibin na'urorin da ake aiki da su sukan daddatsa shi gutsi-gutsi, kowane gutsure haruffa ɗari da wani abu, su karanta miliyoyin gutsattsari a hargitse, su zubo wa mai bincike tuli guda. Almajiran da suka saba da littattafanmu na rubutun hannu za su fi kowa saurin gane wannan mas'ala. Littattafan nan warƙoƙi ne sake, ba ɗinki, a gafaka ake adana su, shi ya sa marubuci yakan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin shafin da ya gama, domin ran da iska ta watsa warƙoƙin a iya mayar da kowace gurbinta. Haka kwamfuta take yi da gutsattsarin nan, tana duba inda ƙarshen wannan ya yi daidai da farkon wancan, ko kuma ta ɗora su bisa wani kwafi da aka riga aka amince da shi, kamar yadda malamai suke muƙabala tsakanin sabon kwafi da uwar littafi. Bambancin kawai, a nan warƙoƙin miliyoyi ne, wasu sun jiƙe, wasu kuma daga wani littafi dabam suka faɗo, domin jinin mara lafiya yana ɗauke da rubutun gadonsa shi kansa gauraye da na cutar.

Saboda haka aikin mataki-mataki ne. Da farko a tantance ingancin abin da na'ura ta karanto, a yanke gefunan da suka lalace, a ware na ɗan Adam daga na cuta, a jera sauran bisa uwar littafi, a fitar da wuraren da aka sami saɓani, sa'an nan a gwama da dubban irinsa da aka karanta a wasu ƙasashe, a zana bishiyar nasaba. Kowane mataki da manhajarsa, kuma ba mutum ɗaya ya rubuta manhajojin ba. Wadda ake kira FastQC, mai duba inganci, daga wata cibiya ta fito kusa da Kambirij a Ingila. BWA, mai jera gutsattsari, an fitar da ita a 2009 daga Cibiyar Sanger. GATK, mai tsamo saɓani, aikin Cibiyar Broad ce ta Amurka. Kowace da irin bayanin da take karɓa da irin wanda take fitarwa, kowace kuma ana sabunta ta lokaci-lokaci, ta yadda bugun bana yakan ba da amsar da ta ɗan saɓa wa ta bugun bara.

Shekaru da yawa da hannu ake wannan haɗi. Mai bincike ya ɗauki abin da manhaja ta farko ta fitar, ya gyara masa zama, ya miƙa wa ta biyu, ya canza wani ma'auni da tsakar dare domin ya ga ko sakamako zai fi kyau, ya manta bai rubuta ba; bayan wata shida, in aka ce ya sāke abin da ya yi, sai ya rasa ta inda ya bi. Kada mai karatu ya zaci wannan aibin ƙananan ɗalibai ne. A 2016 mujallar kimiyya mai suna Nature ta tambayi masu bincike 1,576, sai fiye da kashi 70 cikin ɗari suka ce sun taɓa gwada maimaita binciken wani suka kasa, fiye da rabinsu kuma suka ce sun taɓa kasa maimaita nasu na kansu. A wannan shekara dai wasu masana a Ostareliya suka bi ƙasidun da aka buga a manyan mujallu, suka tarar cewa kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka haɗo jerin sunayen ƙwayoyin gado a manhajar Excel suna da kuskure iri guda: manhajar takan ga suna kamar SEPT2 sai ta ɗauka 2 ga Satumba ake nufi, ta mayar da shi kwanan wata ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Abin ya yi ƙamari har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya canza wa wasunsu suna ɗungum. Malaman hadisi suna da suna ga irin wannan ɓarna, tashifi, wato mai kwafi ya sauya kalma saboda ta yi masa kama da wata.

Maganin da aka samo shi ne abin da zan kira silsilar aiki. Maimakon mai bincike ya riƙa ɗaukar kaya da hannunsa daga wannan manhaja zuwa waccan, sai ya zauna tun farko ya rubuta dukan tafiyar a takarda guda wadda kwamfuta take iya karantawa: mataki na farko manhaja kaza, bugu kaza, da ma'auni kaza, abin da ta fitar ya shiga ta biyu, kada ta uku ta fara sai ta biyu ta gama, in samfura ɗari ne, a raba su a yi su a lokaci ɗaya gwargwadon ƙarfin na'ura. Daga nan sai wata babbar manhaja, mai kama da madugu a ayari, ta karɓi wannan takarda ta zartar da ita, tana rubuta duk abin da ya gudana, da sa'ar da ya gudana, da abin da ya shiga da abin da ya fita. Idan sakamako ya fito, yana fitowa ne tare da isnadinsa, kuma duk wanda ya yi shakka, ko a Kano yake ko a Alƙahira, yana iya karɓar takardar da bayanan asali ya sāke bin sawu, ya gani ko zai isa inda aka isa. A ganina wannan ita ce babbar fa'idar abin, ta fi saurin da ake yawan yabonsa da shi, domin sauri ba ya amfanar wanda ba a iya gaskata maganarsa.

Madugan nan suna da yawa. Galaxy ta fito a 2005 daga Jami'ar Jihar Fensilbaniya a Amurka, an kuma gina ta ne domin likita ko masanin tsirrai wanda bai koyi rubuta umarnin kwamfuta ba, ya shiga ta intanet ya jona matakai da ɗan yatsa. Snakemake ta fito daga Jamus a 2012, Nextflow kuma daga Basalona ta ƙasar Sifen a 2013, kuma tun 2018 masu amfani da ita suka kafa wata ƙungiya, nf-core, inda ake tara silsilolin da jama'a suka duba suka amince da su, kowa ya ɗauka kyauta. A gefe guda kuma aka ƙago dabarar rufe kowace manhaja a cikin akwatinta tare da duk abin da take bukata, irin su Docker da Singularity, domin ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta aka sauke ta.

Afirka ba ta tsaya kallo ba a wannan fage, kuma Abuja tana da hannu a ciki. A 2012 aka fara ba da kuɗin wani babban shiri na binciken gado da lafiyar mutanen Afirka mai suna H3Africa, da tallafin hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Ingila. Ɗaya daga cikin rumbunan ajiyar samfuran shirin a Abuja yake, a hannun Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cututtukan Ɗan Adam ta Nijeriya, IHVN, wadda aka kafa a 2004. Reshen shirin mai kula da sarrafa bayanai, H3ABioNet, wanda Farfesa Nicola Mulder ta jagoranta daga Jami'ar Kef Tawun, ya kasance da rassa a ƙasashe da dama, ɗaya daga cikinsu a hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa da ke kan hanyar filin jirgin saman Abuja, wadda a lokacin ake kira NABDA. A watan Agusta na 2016 masana na wannan reshe suka taru a Firitoriya, suka duƙufa kan gina silsiloli huɗu, har da ta tsamo saɓani daga littafin gadon mutum da ta gano dangin ƙwayoyin bakteriya da ke cikin samfuri, kuma sharaɗin da suka ɗora wa kansu shi ne silsilolin su yi aiki a kan kowace irin na'ura, babba ko ƙarama, domin sun san halin da jami'o'inmu suke ciki. Daga cikin 'ya'yan da shirin ya haifa akwai binciken da aka buga a 2020, inda aka karanta littafin gadon mutum 426 daga ƙabilu 50 na Afirka, aka sami saɓani fiye da miliyan 3 waɗanda ba a taɓa rubuta su ba a duniya.

Akwai wata siffa ta waɗannan silsiloli wadda Bature zai ɗauke ta ƙaramar ni'ima, mu kuwa a wurinmu babba ce. Sarrafa littafin gadon mutum ɗaya yakan ci sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwana da yini, kuma kowa ya san abin da yakan faru da wutar lantarki a tsakanin wannan lokaci, ko a Abuja ne. A aikin hannu, in wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi, sau da yawa sai a koma farko. Madugu irin Nextflow ko Snakemake kuwa yana riƙe da lissafin zangon da aka riga aka wuce, in an tashe shi sai ya ci gaba daga inda ayari ya tsaya. Haka kuma bayanan mutum guda sukan kai gigabayit gommai, aika su ƙetare ta intanet ɗinmu wahala ce da tsada. Silsilar kuwa 'yar takarda ce marar nauyi, saboda haka ya fi sauƙi a kawo ta inda bayanan suke, a yi aikin a gida. Wannan ya dace da amana ma, domin jinin mutanenmu da sirrin gadonsu ba kayan da za a riƙa yawo da su ba ne, balle yanzu da ƙasa ta sami dokar kare bayanan jama'a tun watan Yuni na 2023.

Mai karatu yana da haƙƙin ya tambaya, me talaka ya samu daga duk wannan? A watan Agusta na 2016, bayan shekara biyu ba a ga cutar shan inna ta asali a Nijeriya ba, sai aka same ta a jikin yara a Gwoza da Jere cikin jihar Borno. Da aka karanta rubutun ƙwayar sai aka ga jikanyar wadda aka gani a Borno ce a 2011, wato ta shekara biyar tana yawo a ɓoye a yankunan da rikici ya hana masu rigakafi shiga, kuma wannan sani ya nuna inda za a karkata ƙarfi, har aka kai ga shelar kawar da ita daga Afirka ranar 25 ga Agusta, 2020. A 2018, da zazzaɓin Lassa ya yi tashin da ba a saba gani ba, tsoro ya kama jama'a ko wani sabon iri ne mai saurin bin mutane. Masana a asibitin Irrua na jihar Edo da na Jami'ar Redeemer's da ke Ede suka karanta ƙwayoyin, suka tarar dangogin da aka sani ne, kuma yawancin masu ciwon daga ɓera suka ɗauka, ba daga junansu ba. Da korona ta shigo kuwa, aka tabbatar da mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, cikin 'yan kwanaki masanan Jami'ar Redeemer's ɗin nan, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da NCDC da abokan aikinsu na Legas, suka fitar da littafin gadon ƙwayar, wanda shi ne na farko daga nahiyar Afirka. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, hukuma ta gina hukunci mai nauyi bisa abin da kwamfuta ta fitar, kuma da a ce an sami tashifi a tsakiyar hanya, da rayuka ne za su biya.

Sai dai haruffan gado su kaɗai ba sa magana sai an haɗa su da labarin mai su: shekarunsa, garinsu, ranar da ciwo ya fara, maganin da ya sha. A nan ma akwai aikin haɗi, kuma ya fi na manhajoji wuya, domin asibiti kaza ya rubuta abu da wannan suna, asibiti kaza da wancan. Bayan annobar Ebola ta 2014 aka gina manhajar SORMAS da haɗin gwiwar masana na Nijeriya da na Jamus domin rahoton annoba ya riƙa isowa daga ƙananan hukumomi da siga ɗaya. Masu binciken sikila na Afirka kuma, waɗanda cibiyar Jami'ar Abuja ƙarƙashin Farfesa Obiageli Nnodu take cikinsu, sun yi wa cutar ƙamus na isɗilahi, domin abin da likitan Gwagwalada yake nufi da kalma ya zama shi ne abin da na Kumasi da na Darussalam suke nufi.

Wajibi ne kuma in faɗi inda nake jin tsoro. Malaman hadisi ba su taɓa cewa ingancin isnadi ya wadatar ba, sai sun duba matani. Idan an liƙa wa kwalbar jini sunan wani, ko samfuri ya kwana cikin zafin mota tsakanin Gusau da Abuja, silsila mafi kyau a duniya za ta sarrafa ɓataccen abu da cikakken tsari, ta fitar da ɓata mai hatimi. Abu na biyu shi ne taƙlidi. Tun da silsilar tana tafiya da danna maɓalli ɗaya, akwai hatsarin mu tara matasa masu danna maɓalli waɗanda ba su san abin da ke gudana a ciki ba, alhali kuwa yawancin ma'aunan da aka saka a manhajojin nan an gwada su ne a kan wasu al'ummu. Mafi rinjayen mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan Afirka kuwa, waɗanda suka fi kowa yawan saɓani a gadonsu, ba su wuce 'yan kaso kaɗan ba. Wanda zai yi aiki da silsila a kan jinin Bahaushe ko Bagwari ko Babarbare, dole ya iya buɗe ta, ya karanta, ya gyara inda bai dace da mu ba.

Wannan ya kawo mu ga mutane da kuɗi. Tallafin shekara goma na H3Africa ya ƙare a 2022, kuma yawancin abin da aka gina a wannan fage da kuɗin baƙi aka gina shi. Sayen na'ura yana da daɗin buɗewa da almakashi a gaban 'yan jarida, amma albashin wanda zai rubuta silsila ya kula da ita shekara da shekaru, da kuɗin wuta da na ma'ajiyar bayanai, su ne abin da ba a cika tunawa da su a kasafi ba, kuma rashinsu ne yake sa wanda aka horar ya tattara ya tafi inda za a riƙe shi. Ni dai ina ganin wannan ilmi ya shiga sahun farillar kifaya a kanmu, kamar likitanci da ungozomanci, kuma alhakinsa yana wuyan Ma'aikatar Lafiya da ta Kimiyya da hukumar TETFund da shugabannin jami'o'i.

Ku kuma ɗalibanmu na sashen halittu da na likitanci da na aikin gona, a Jami'ar Abuja ko Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo, ku sani cewa manhajojin nan da na ambata, ban da Excel, ana samunsu kyauta, darussan Galaxy suna nan a intanet ba a biyan ko kwabo, kuma littafin gadon ƙwayar cuta ƙarami ne, kwamfutar cinya tana iya ɗaukarsa. Ku nemi malami, ku fara da samfuri ɗaya, ku rubuta kowane mataki da kuka taka tun daga ranar farko.